Littafin aikin injin ƙyanƙyasar ƙwan zabi: yadda mahaɗan waya suka kusa ɓata min damina

Asabar, 10 ga Mayu, 2025

Yau na buɗe wannan littafi saboda injin ƙyanƙyasa da na yi wa Inna alkawari tun bara. Zabinta kan fara ƙwai da zarar damina ta kankama, kuma duk mai kiwo ya san zabuwa ba ta da haƙurin kwanci, sai dai a zuba wa kaza ta kwanta a madadinta. Kaza ɗaya kuwa da ƙyar take rufe goma sha biyar, sauran ƙwan a dafa ko a kai kasuwa. Bana ina so mu zuba sittin a tashi ɗaya.

Jikin injin tsohon ƙaramin firji ne da injinsa ya mutu, na saye shi N22,000. Fanel uku zan haɗa: na ƙwaƙwalwa mai ɗauke da Arduino Nano, na rile (makunnin da ƙwaƙwalwa ke kunnawa da kashewa) mai gida huɗu, da na allon rubutu. Akwai ma'aunin zafi DS18B20 guda biyu, ma'aunin laima SHT31, fankar kwamfuta biyu, hita mai bolt 12 da wat 100, sai motar waifa da na samo a Ƙofar Ruwa wadda za ta riƙa karkata faifan ƙwai. Komai a kan batirin solar gida zai zauna, domin ƙwan zabi kwana 26 zuwa 28 yake yi a zafin digiri 37.5, kuma ba zan jingina wata guda a kan wutar da ake ɗaukewa ba sanarwa ba.

Talata, 13 ga Mayu

Na haɗa komai a kan tebur da 'yan wayoyin nan masu launi-launi da ake sokawa a kan fil, wato 'yan tsinkayen ƙarfe na jikin fanel, waɗanda 'yan kasuwa ke kira Dupont. Arba'in N1,500. Allo ya kawo, zafi ya nuna, rile yana ƙarar kamawa da saki yadda na tsara. Ƙanena ya ɗauki bidiyo ya tura wa Inna.

Asabar, 17 ga Mayu

Da a ce akwai ƙwai a ciki yau, da an yi asarar duka.

Da safe na ɗaura fanel-fanel ɗin a saman firjin, na zura wayoyin ma'auni ta wani rami da na huda, na rufe ƙofa na kunna. Wannan watan zafin ɗakin ma da rana yakan haura 37.5, saboda haka hita ba ta da aikin yi sai cikin dare. Na tafi sallar azahar allo yana nuna 37.9, hita a kashe. Da na dawo sai na tarar yana nuna -127, fitilar rilen hita kuma a kunne. Na buɗe ƙofa, hucin da ya bugi fuskata ya isa shaida. Ma'aunin gilashi da na ajiye a ciki ya wuce 44.

Wanda ya saba da DS18B20 ya san wannan lamba. Idan ƙwaƙwalwa ta yi kira ma'auni bai amsa ba, -127 ake samu. Ni kuwa abin da na rubuta mata shi ne duk lokacin da zafi ya gaza 37.5 ta kunna hita, kuma -127 ya gaza. Ta bi umarni, ta yi ta hura wuta a firjin da ya riga ya cika da zafi.

Ina taɓa wayar tsakiya da ɗan yatsa lamba ta dawo daidai. Na saki, ta zauna. Na kunna motar waifa, faifai ya motsa, firjin ya ɗan girgiza, -127 ta dawo. Sau huɗu na maimaita, sau uku ta yanke. Ma'aunin lafiyarsa ƙalau, fanel lafiyarsa ƙalau. Wurin da waya ta haɗu da fil ne yake saki.

Kafin na kwanta na gyara umarnin: duk lambar da ta gaza 10 ko ta haura 50, a kashe hita a kunna ƙararrawa. Wannan ya haɗa da 85, wadda ita ce lambar da ma'aunin ke bayarwa idan wutarsa ta ɗauke ta dawo bai gama awo ba. Wannan rigakafi ne kawai, ciwon yana nan.

Lahadi, 18 ga Mayu

Na zauna da mita na bi wayoyin nan ɗaya bayan ɗaya. Idan na haɗa bakin mitar da junansu tana nuna om 0.3 (om shi ne awon yadda abu ke tauye wuta). Na sa waya mai tsawon santimita 20 a tsakani, wata ta ba ni 0.9, wata 1.6, wata kuma lambar sai rawa take idan na lanƙwasa ta. Wayar tagulla ta ƙwarai mai wannan tsawo bai kamata mita irin tawa ta ma ga bambanci ba, domin ba ta kai om 0.02 ba.

Na fere ɗaya na ga zaren cikinta bai fi silin gashi shida ko bakwai ba. Na kawo maganaɗisun tsohuwar lasifika, sai ga waya ta bi shi ta manne. Tagulla ba ta bin maganaɗisu. Ƙarfe ne aka shafa wa launin ja. Cikin arba'in, ashirin da uku sun bi.

Ko da wayar ta ƙwarai ce, ginin bakin ma yana da rauni. Ɗan harshen da ke cikin macen, wato bakin da fil ke shiga, shi kaɗai ke riƙe fil, ba makulli, kuma kowane cirewa da mayarwa yana ƙara buɗe shi. Ba shi da gaba da baya, ana iya juya shi a soka. Sunan Dupont ɗin ya samo asali ne daga kamfanin DuPont na Amurka, wanda sashensa na Berg ya ƙera na ainihin, amma waɗanda ke yawo a kasuwa a leda kwaikwayo ne marasa suna, ba wanda ya san inda aka buga su. Don gwaji a kan tebur sun wadatar. Abin da zai yi wata guda yana girgiza duk bayan awa biyu, ba wurinsu ba ne.

Laraba, 21 ga Mayu

Na shiga Sabon Gari wajen dattijon da ya koya min riƙe ƙarfen dalma ina ɗan sakandare. Har yanzu yana rumfarsa, rediyo da amfilifaya jibge a bayansa. Na zayyana masa komai, na ce ina tunanin in liƙe duk wayoyin da dalma kai tsaye in huta.

Ya ce, "Ɗana, ranar da rile ya mutu da ƙarfe biyun dare, ƙwai a ciki, a lokacin za ka tsaya hura ƙarfe? Liƙa inda ba za ka taɓa cirewa ba. Inda za ka cire, nemi mahaɗin da ya dace da wurin."

Na ce, "Baba, ai su mahaɗan ne suka ci amanata."

Ya ce ba su ba ne, ni ne na ɗora wa jaki ɗaya kayan raƙumi da na tantabara. Ya jawo mataccen fanel ɗin wata firinta ya nuna min: farin mahaɗi ƙarami inda saƙo ke wucewa, babba mai ƙugiya inda mota ke shan wuta, kuma babu guda biyu masu kama ɗaya a kusa da juna. Ya ce kafin in sayi kowane mahaɗi in san yawan wutar da za ta bi ta cikinsa, in san ko wurin yana motsi, sannan in tuna wata rana wani ne zai cire ya mayar ba ni ba.

A hanyar dawowa na yi ta juya maganar, da daddare na zauna da takardun bayanin masu ƙerawa na tsara. Farare ƙananan nan na kamfanin JST na Japan ne, kuma iri-iri ne duk da a kasuwa suna ɗaya ake kiransu da shi. PH tazarar da ke tsakanin fil da fil milimita 2 ce, yana ɗaukar wuta har am 2. XH tazararsa 2.5, am 3, yana karɓar waya har mai kaurin lamba 22. SM waya da waya yake haɗawa ba fanel, yana da ƙugiyar da sai an danna take saki. VH babba ne, tazara 3.96, har am 10, shi ma da ƙugiya. Na tsayar da XH tsakanin fanel da fanel, VH ga motar waifa wadda mita ta nuna min tana shan kusan am 3 tana tafiya, fiye da haka lokacin tashi.

Abu ɗaya da ya kamata a lura: ramukan allon gwaji mai huji-huji tazararsu 2.54 ce, XH kuwa 2.5. A fil uku ko huɗu ba a jin bambancin. A fil takwas ya taru ya kai kusan kashi uku cikin goma na milimita, sai an tanƙwara ƙafafu. Don haka na raba wayoyin rile gida biyu maimakon dogo ɗaya.

Kashe kuɗin yau: akwatin XH mai fil biyu zuwa biyar N8,500, VH biyar N2,000, wayar tagulla lamba 22 launi huɗu N6,000. Maganaɗisun na aljihuna, a gaban mai shago na gwada kowane naɗi.

Asabar, 24 ga Mayu

Na gwada matse 'yan ƙarafan XH a bakin waya da filaya mai dogon baki. Cikin goma, biyu ne suka shiga gidansu har suka yi ƙas. Sauran sun baje ko sun karkace, waɗanda suka shiga ɗin ma ina ja waya ta zare ta bar ƙarfen a ciki. Na gwada ɗiga dalma a kai, sai ta bi ta cika wurin da fil zai shiga, ta kuma haura cikin zaren wayar ta sandare shi, lanƙwasa biyar ya karye daidai inda dalmar ta tsaya.

Ba makawa sai filayar matsi ta ainihi. Na zaga ban samu mai ƙaramin haƙori ba, duk na kan wayar intanet ne ko na manyan kebul. Na yi odar SN-01BM daga Legas, N21,000 har da kuɗin mota. Ta fi Arduino da ma'aunan duka tsada, kuma na daɗe ina kallon lambar kafin na tura kuɗin.

Laraba, 28 ga Mayu

Aikin kafinta kawai. An gama faifan ƙwai biyu, kowanne na talatin. Filaya ba ta iso ba.

Asabar, 31 ga Mayu

Tunda jira nake, na ce bari in gwada ɓangaren hita, wanda ba ya buƙatar filayar. Bayan isha'i na bar ƙofar firjin a buɗe don hita ta yi ta aiki ba hutu. Minti arba'in sai na ji ƙaurin roba. Shuɗin gidan sukurun da ke kan fanel ɗin rile, inda wayar hita ta shiga, ya narke ta gefe ɗaya ya yi baƙi, sukurun kuma da ɗan yatsa ma yana juyawa.

Ni na ɗaure shi da hannuna mako biyu da suka wuce, kuma na ɗaure tam. Kuskuren shi ne na shafa wa bakin wayar dalma kafin in sa, don kada zaren ya tarwatse. Haka na ga ana yi tun ina yaro, ban taɓa tambayar dalili ba. Dalma ƙarfe ne mai taushi, idan sukuru ya danne ta a hankali take gocewa ta ba shi wuri, zafi da sanyi suna taya ta. Bayan kwanaki sai ɗaurin ya saki ba wanda ya taɓa shi.

Lissafin ya tsorata ni da na yi shi a takarda. Hita mai wat 100 a bolt 12 tana jan am 8.3. Idan ɗauri ya saki har ya zama om 0.05 kacal, abin da mitata ba za ta ma iya nunawa ba, zafin da zai taru a wurin shi ne 8.3 sau 8.3 sau 0.05, wato kusan wat 3 da rabi, a wurin da bai kai ƙwayar wake ba, kewaye da roba. Zafin yana ƙara sassauta ɗaurin, sassaucin yana ƙara zafin. Firjin nan a ɗakin da ke jikin na Inna zai zauna, kusa da buhunan hatsi. Na kasa barci da wuri.

Rilen an rubuta masa am 10 a jiki, to amma ba na son abin da zai yi wata yana aiki a bakin iyakarsa. Fanel ɗin rile ya tafi, sabo N4,500.

Talata, 3 ga Yuni

Na je wajen wani mai wayarin mota a unguwarmu. Ya ba ni rilen mota mai ƙafa huɗu na am 30 tare da soket ɗinsa, irin wanda suke sa wa fitila da ham. Ƙafafunsa faffaɗa ne, milimita 6.3, kuma an yi su ne don ramukan hanya da zafin inji. Yanzu ƙaramin rile zai kunna babban ne kawai, wutar hita ba za ta sake bi ta kan fanel ba. Idan ya mutu, a zare a soka wani, kuma babu garin da ba a sayar da shi. Ya sa min fis na am 15 a kusa da batir, ya yi min faɗan rashin sa shi tun farko, kuma da gaskiyarsa. Duka N5,000.

Wayar batir zuwa injin na sa mata XT60, rawayan nan da masu jirage marasa matuƙi ke amfani da su. Gefe ɗaya a yanke yake, ba ya shiga a juye. Shi kam da dalma ake liƙa shi, haka aka gina shi. Inda wutar ke rabuwa zuwa fanka da sauransu na sa WAGO 221 mai 'yan hannaye ruwan lemo: a fere waya milimita 11, a ɗaga hannu, a zura, a mayar. Sifirin ne ke riƙe wayar, saboda haka babu sukurun da zai saki.

Litinin, 9 ga Yuni

An yi Babbar Sallah ranar Juma'a, filayar ta iso ana gobe Arfa amma sai yau na samu zama.

Na ɓata ƙarafa kusan talatin kafin hannuna ya faɗa. Kowane ɗan ƙarfe yana da fukafukai biyu-biyu: na gaba gajeru su ne ke naɗe tagulla tsirara, na baya dogaye su rungumi robar wayar don kada lanƙwasa ta kai ga tagullar. Idan aka fere da yawa, zare ya shiga wurin fil ya toshe. Idan aka fere kaɗan, fukafukan gaba su ciji roba, a ido ya yi kyau amma wuta ba ta wucewa sosai. Abin da ya yi min daidai shi ne tsakanin milimita 2 da rabi zuwa 3. Nakan fara sa ƙarfen a haƙorin filaya in danna ƙas ɗaya ya riƙe, sannan in zura waya, in matse har ta saki da kanta. Kyakkyawan matsi idan ka kalle shi ta gaba fukafukan sun naɗo ciki kamar bakin zuciya, kuma akwai ɗan tsagi tsakanin biyun inda za ka ga ƙarshen roba da farkon tagulla.

Ban yarda da ido kaɗai ba. Na ɗaura jarka mai ruwa lita 3 a jikin wayar, na riƙe ƙarfen da filaya na ɗaga. Wanda ya zare na yanke na sake. Zuwa la'asar babu wanda ke zarewa. Na yi igiyoyi bakwai, kowacce na bi ta da mita ina lanƙwasawa.

Sukurun da suka rage a sabon fanel ɗin rile na sa wa wayoyinsu hular ƙarfe da ake matsewa a baki, ferul, ba dalma. Mai wayarin nan ya ara min filayarta.

Na kunna motar waifa sau hamsin a jere, har na riƙa bugun gefen firjin da tafin hannu. Lamba ba ta motsa ba.

Laraba, 11 ga Yuni

Na ƙona DS18B20 ɗaya. Wayata ta ƙare saura igiya ɗaya, sai na ɗauko wata da aka riga aka matse da ta zo cikin akwatin, ja da rawaya da baƙi, na haɗa launi da launi. Ashe jerin launukanta a juye yake da nawa: inda na sa ja a fil na ɗaya, ita baƙi ne a can. Ina kunnawa ma'aunin ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Gidan XH yana hana a juya shi, amma ba ya hana a jera wayoyin ciki a juye, kuma babu wata ƙa'ida da ta ɗaure masu yin waɗannan igiyoyi a kan jeri ɗaya. Da allura ake danna ɗan harshen a zaro ƙarfen a sake jerawa, aikin minti biyu. Sabon ma'auni N2,500.

Wannan ya tuna min da maganar Baba a kan wanda zai cire ya mayar. Na kira ƙanena, na zare komai, na ce ya mayar ban faɗa masa komai ba. Ya ɗauki igiyar makunnin da ke tsayar da faifai zai soka a gidan ma'aunin zafi, domin dukansu fil uku ne.

Ya ce, "Yaya, ai duk iri ɗaya ne."

Na canza. Makunnin faifai ya koma fil biyu, ma'aunan zafi uku, ma'aunin laima huɗu, allon rubutu na ba shi biyar na bar ɗaya fanko don kada ya yi kama da na laima. Fanka mai bolt 12 na mayar da ita SM, ta yadda ba za ta taɓa shiga gidan bolt 5 ba. Ya sake gwadawa, bai yi kuskure ko ɗaya ba.

Asabar, 14 ga Yuni

Kwana uku injin yana aiki babu ƙwai, zafi tsakanin 37.3 da 37.7. An yi ruwa sau biyu, gari ya yi sanyi, hita ta fara aikinta sosai. Na taɓa soket ɗin rilen mota bayan awa guda, ɗumi kaɗan ne.

Da hantsi muka zuba ƙwai 60, arba'in da biyu na Inna, goma sha takwas na maƙwabciyarta. Inna ta yi bismilla ta sa na farko da hannunta. Ta ce, "Ɗan nan, Allah ya sa albarka." Jimillar abin da mahaɗai, waya da filaya suka ci zuwa yau ya haura N55,000, kuma ko sisi ban sa musu a lissafin farko ba.

Talata, 24 ga Yuni

Kwana 10. Na haska ƙwan da tocila cikin dare. Ɓawon ƙwan zabi yana da kauri, sai an matsa fitila sosai. Tara babu komai a ciki, na fitar. Saura 51.

Lahadi, 29 ga Yuni

Ƙararrawa ta tashe mu wajen ƙarfe uku na dare, ana tsakiyar ruwa da iska. Zafi daidai yake, laima ce ta daina nunawa. SHT31 ya yi shiru, kuma da yake layi ɗaya suke bi da allon rubutu, allon ma ya riƙa kawo haruffan banza.

Mahaɗi ɗaya ne tak na bari a cikin firjin, wani ƙaramin SM da na sa don in riƙa cire ma'aunin laima ina gogewa. Yana rataye sama da tiren ruwa. Da na buɗe shi ƙarafan sun yi dusu-dusu, ɗaya ya fara kore. Mako biyu a cikin ɗumi da tururi. Ƙugiyarsa ba ta saki ba, matsin ma lafiya lau, amma ba a yi shi don jiƙa ba.

Ban yarda in bar ƙofa a buɗe ba. Na zaro igiyar ta rami, na toshe ramin da tsumma, na yanke mahaɗin, na liƙa wayoyin huɗu da dalma, kowacce da robar da ke tsukewa da zafi, sannan babba a kan duka. Na rage tsawon igiyar zuwa ƙasa da rabin mita, tunda layin I2C, wanda ma'aunin laima da allo ke bi, ba ya son doguwar waya. Minti ashirin da biyar, ƙanena yana riƙe da tocila. Zafin ciki bai sauka ƙasa da 37 ba. Ga inda dalma ta dace, kamar yadda Baba ya ce: wurin da ba za a cire ba. Mahaɗin da ake cirewa yanzu yana waje, cikin akwatin fanel.

Laraba, 2 ga Yuli

Na bi duk sukurun da sukundireba, babu wanda ya karɓi ko kwatan juyi. Na duba VH na motar waifa, ba alamar zafi.

Laraba, 9 ga Yuli

Kwana 25. Na tsayar da juyi, na zare VH ɗin gaba ɗaya don kada kuskure ya motsa faifai. Na kwantar da ƙwan a kan raga, na ƙara tiren ruwa na biyu, laima ta hau 70. Ba za a sake buɗe ƙofa ba.

Asabar, 12 ga Yuli

Tun daren Alhamis aka fara jin kuka a ciki. Zuwa yau da yamma 43 sun fito, biyu sun fasa ɓawo sun kasa ƙarasawa, shida shiru. Inna ta kwashe su cikin kwando ta kai ɗakinta, maƙwabciya ta zo da 'ya'yanta suna leƙe.

Na kashe injin na buɗe akwatin fanel. Ƙurar gashin 'yan tsakin ta bi ta ramin waya ta kwanta a kan komai kamar garin rogo, har cikin gidajen XH. Ba ta hana aiki ba wannan karon, amma idan ta sha laima za ta zama matsala. Kafin zubi na biyu zan toshe ramin, in sa mahaɗin ƙarfe mai zagaye GX16 a bangon firjin, irin mai zoben da ake murɗawa, ɗaya mai fil huɗu na laima, ɗaya mai fil biyar na ma'aunan zafi, ta yadda za a iya ɗauke akwatin gaba ɗaya a wanke cikin firjin. Na tambaya, N3,000 kowanne. Zan kuma matse igiya ta biyu ta kowane iri in sa a leda in manna a cikin murfin akwati, tare da rilen mota ɗaya da fis biyu, da takarda mai zanen jerin launuka.

Shidan da suka yi shiru duk daga layin baya na faifan ƙasa suke, kusa da hita. Gobe zan sa ma'aunin gilashi a wannan kusurwa in ga ko ta fi sauran zafi, in haka ne sai fanka ɗaya ta sauko ƙasa. Inna ta riga ta tara ƙwai 26 na zubi na gaba, tana so a zuba kafin ƙarshen mako mai zuwa.